Darwin a Hannun Malaman Musulunci: Tarihin Gardamar Asalin Ɗan Adam

Cikin 1859 wani Bature mutumin Ingila, Charles Darwin, ya buga littafinsa a kan asalin jinsunan halitta. Abin da ya kawo a ciki shi ne, dabbobi da tsirrai da a ke gani yau sun gangaro ne daga waɗansu jinsuna da suka gabace su, suna sāke kama kaɗan kaɗan cikin zamani mai tsawon gaske. Dalilin sākewar a wurinsa kuwa shi ne, 'ya'yan uwa ɗaya ba su kan zo daidai da juna ba, wanda halittarsa ta fi dacewa da wurin zamansa shi ya kan rayu ya bar baya, sauran su ƙare. A wannan littafi ya kauce wa maganar mutum, sai cikin 1871 ya fito fili a wani littafin ya ce mutum da manyan birai kakansu ɗaya ne. Ya kamata a riƙe wannan da kyau tun daga farko, domin ya ce kakansu ɗaya, bai ce birin da ke yawo a daji yau shi ne ya haifi mutum ba.

Maganar ta shiga harshen Larabci ta ƙofar Bairut, kuma ta hannun Kirista. Akwai wata kwaleji da 'yan mishan na Amurka suka kafa a can cikin 1866. Mutum biyu daga cikin waɗanda suka yi karatu a cikinta, Yaƙubu Sarruf da Faris Nimr, suka fara buga wata mujalla ta ilmin zamani mai suna al-Muƙtaɗaf cikin 1876, a shafukanta ne masu karatun Larabci suka fara cin karo da sunan Darwin. Rigimar fari ma da aka yi a ƙasashen Larabawa a kan wannan al'amari tsakanin Kirista ce ya su ya su. Cikin 1882, shekarar da Darwin ya mutu, wani malamin kwalejin, Edwin Lewis, ya yi jawabi ran bikin sallamar ɗalibai ya yabi Darwin cikin manyan masu bincike. Shugabannin mishan suka fusata, aka tilasta masa ya ajiye aiki. Ɗaliban likita suka ƙi shiga aji, waɗansu malamai suka bar kwalejin don nuna fushinsu, har da Cornelius Van Dyck, wanda ya kammala fassarar Baibul da Larabci.

Abin da ya fi wannan tasiri ga Musulmi shi ne aikin wani likita, Shibli Shumayyil, shi ma ɗalibin kwalejin ne. Cikin 1884 ya fitar da littafi da Larabci a kan ra'ayin Darwin, amma abin da ya fassara laccocin wani Bajamushe ne, Ludwig Büchner, wanda ya ɗauki binciken Darwin ya mai da shi makamin musun samuwar Mahalicci. Saboda haka malamin Musulunci na wancan zamani, in ya nemi sanin abin da Darwin ya ce, sai ya tarar da shi a naɗe cikin rigar Dahariyya, watau masu cewa duniya ta yi kanta da kanta. Ga kuma matsalar suna. Kalmomin da aka zaɓa a lokacin su ne nushu'i da irtiƙa'i, watau tasowa da hawa sama. Hawa kuwa yana nuna akwai tsani, akwai na ƙasa akwai na bisa, alhali abin da Darwin ya zana ya fi kama da itace mai rassa, kowane reshe yana bin gabansa. Daga baya kalmar taɗawwur ta maye gurbinsu, amma hoton tsanin ya riga ya zauna a zukatan mutane.

Martanin farko mai ƙarfi daga wajen Musulmi ya fito daga Sayyid Jamaluddin al-Afgani. Ya rubuta raddinsa ga Dahariyya da Farisanci a Haidarabad ta ƙasar Hindu cikin 1881, almajirinsa Muhammadu Abduh ya juya shi zuwa Larabci cikin 1886. Wanda ya ke hari da gaske shi ne Sayyid Ahmad Khan na Aligar da mutanensa, waɗanda ya ke gani sun kwanta wa Ingilishi. Darwin ya shigo ne a gefe. Mai karanta raddin zai ga Afgani bai riƙi littafin Darwin a hannunsa ba, gama ya yi masa ba'a da cewa a bisa ƙa'idarsa ƙuma tana iya zama giwa in zamani ya yi tsawo, giwa kuma ta koma ƙuma. Damuwarsa ta zaman jama'a ce: in mutane suka yarda su dabbobi ne, kunya da amana za su fita daga cikinsu, al'umma ta watse a gaban masu mulkin mallaka. A ƙarshen rayuwarsa ya sassauto, har an ruwaito daga gare shi cewa malaman Musulmi na dā sun riga Darwin faɗin irin wannan magana.

Wanda ya zauna ya auna al'amarin da ma'aunin ilmin tauhidi shi ne Shaihu Husaini al-Jisr, mutumin Tarabulus ta Sham, wanda ya rayu daga 1845 zuwa 1909. Ya yi karatu a Azhar, ya kafa makaranta a garinsu inda a ke haɗa karatun addini da na zamani, ya kuma karanta littattafan ilmin halitta da a ke bugawa da Larabci a Bairut. Cikin 1888 ya fitar da ar-Risalatul Hamidiyya, ya sa mata sunan Sarkin Musulmi na Istambul, Abdulhamid na Biyu, wanda ya yi masa kyauta saboda ita. Aka fassara ta da Turkanci da Urdu. Duk wanda ya yi rubutu mai ma'ana a kan wannan batu bayansa, ko ya sani ko bai sani ba, a kan turbar da Jisr ya share ya ke tafiya.

Jisr ya raba tambayar gida biyu. Ta fari ita ce, wa ya yi halitta? A nan babu ciniki, Allah ne, wanda ya ce dabi'a ce ta yi kanta ya fita daga addini. Ta biyu ita ce, ta wace hanya aka yi ta, a tashi ɗaya ko daki daki, wani jinsi daga wani? Ya ce dukansu biyu masu yiwuwa ne ga ikon Allah, hankali bai kore ko ɗaya ba, saboda haka sai a duba nassi. Da ya duba nassi game da dabbobi da tsirrai, bai sami yankakken hukunci ba. Alƙur'ani ya faɗi cewa an yi kowane abu mai rai daga ruwa, a Suratul Anbiya'i aya ta 30 da Suratun Nuri aya ta 45, amma bai bayyana ko kowane jinsi an fare shi shi kaɗai ba ne. Game da mutum kuwa ya ga zahirin ayoyi yana nuna an halicci Annabi Adamu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, kai tsaye daga ƙasa. Hukuncinsa shi ne a tsaya a kan zahirin, domin hujjojin da masu ra'ayin Darwin suka kawo a zamaninsa zato ne, ba a kuwa barin zahirin nassi saboda zato. Amma ya ƙara da sharaɗi: in wata rana hujja yankakkiya ta tabbata, to ya halatta a yi tawilin nassin don ya dace da ita, muddin an riƙe cewa Allah ne mai yi.

Wannan ƙa'ida ba Jisr ya ƙaga ta ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu cikin 1111, ya faɗe ta a gabatarwar littafin da ya yi na rushe maganganun masu falsafa, inda ya kawo misalin husufi. Ya ce masu lissafin taurari sun tabbatar da dalilinsa har suna faɗin lokacinsa kafin ya zo, wanda kuwa ya yi musu da su da sunan addini ya cuci addinin, gama mai lissafin ba zai yi shakkar lissafinsa ba, sai dai ya yi shakkar addinin. Har wa yau mazhabar Ash'ariyya, wadda mafi yawan malaman Afirka ta Yamma suka taso a kanta, tana koyar da cewa wuta ba ta ƙone auduga da ikon kanta, Allah ne ya ke halittar ƙunar sa'ad da suka haɗu, bisa al'adar da ya gudanar. Wanda ya riƙe wannan ba ya razana don an ce masa jinsi yana fita daga jinsi ta hanyar sababi, kamar yadda bai razana ba da aka ce masa jariri yana fita daga ɗigon maniyyi. Daɗin daɗawa, Musulmi ba su da wata shekara ƙayyadadda ta farkon duniya a cikin aƙidarsu, irin 4004 kafin haihuwar Annabi Isa da limamin Kirista Ussher ya lissafa cikin 1650. Kwana a Alƙur'ani ya zo da tsawon shekara dubu a wani wuri, a wani wurin dubu hamsin. Don haka tsufan duniya, wanda ya wahalar da Kirista ƙwarai, bai zama babban abin faɗa a tsakanin malaman Musulunci ba.

Tun daga 1888 ke nan gardamar ta tsuke, ta bar tsirrai da dabbobi ta koma kan mutum. Shaihu Muhammadu Rida al-Isfahani, malamin Shi'a a Iraƙi, ya buga sukarsa ga falsafar Darwin a Bagadaza gab da Yaƙin Duniya na Farko, ya kai inda Jisr ya kai: sauran halitta ba laifi, mutum ne a ke togewa. Muhammadu Abduh, wanda ya zama Muftin Masar cikin 1899, ya ɗan ƙara taku. A darasinsa na tafsiri, wanda Rashid Rida ya rubuta a mujallar al-Manar, ya tsaya a kan ayar farko ta Suratun Nisa'i, mai maganar halittar mutane daga rai guda, ya ce ayar ba ta ambaci sunan Adamu ba, saboda haka ba za a kafa hujja da ita ita kaɗai a kan wanda binciken zamani ya kai shi ga wani ra'ayi ba. Rashid Rida kuwa almajirin Jisr ne tun a Tarabulus. Muhammadu Iƙbal a laccocinsa da aka buga a Lahor cikin 1930 ya ɗauki ƙissar fitar Adamu daga Aljanna a matsayin misali na farkawar mutum daga zaman dabba zuwa sanin kansa da ɗaukar nauyin zaɓinsa. Abin mamaki, duk wannan muhawara an yi ta ne babu littafin Darwin da Larabci. Isma'ilu Mazhar ya fitar da babi biyar na farko cikin 1918, cikakkiyar fassarar ba ta fito ba sai 1964, shekara ɗari da biyar bayan asalin.

Akwai wata magana da ta kan dawo kowane zamani, cewa Musulmi sun riga Darwin. Wani Ba'amurke, John William Draper, ya faɗe ta cikin 1874, masu son sulhu kuma suka riƙe ta hannu biyu. A kan kawo Jahiz da littafinsa na dabbobi, da Ikhwanus Safa na Basra, da Miskawaihi, da Ibn Khaldun. Gaskiya ne sun jera halitta daraja daraja: ma'adinai, sa'an nan tsiro, sa'an nan dabba, sa'an nan mutum, sa'an nan mala'ika, ƙarshen kowace daraja yana taɓa farkon ta gaba. Dabino a wurinsu shi ne tsiron da ya fi kusa da dabba, dodon koɗi kuma dabbar da ta fi kusa da tsiro. Amma wannan jerin martaba ne, irin wanda aka gada daga Yunanawa, ba su ce dabino ya haifi dodon koɗi ba. Kalmar irtiƙa'i ce ta sa abubuwan biyu suka yi kama, biri ya yi kama da mutum. A nan akwai wani abin lura ga masu nazarin rubutun hannu. A Muƙaddima, wadda Ibn Khaldun ya rubuta cikin 1377, inda ya ke faɗin darajar da ke ƙarƙashin mutum, waɗansu bugu suna da kalmar ƙirada, watau birai, waɗansu kuwa ƙudra, watau iko. A rubutun Larabci bambancinsu musayar wuri ce kawai tsakanin dal da ra. Franz Rosenthal, wanda ya fassara littafin da Ingilishi cikin 1958 bayan ya gwada tsofaffin kofe, birai ya karanta, ma'anar zancen ma ita ta ke nema. Ko da haka, jerin daraja Ibn Khaldun ya ke yi.

Sharaɗin da Jisr ya gindaya bashi ne, zamani kuma ya zo neman biya. Sa'ad da ya ke rubutu, ƙasusuwan mutanen dā da aka tono ba su taka kara sun karya ba. Cikin 1924 aka sami ƙoƙon kan wani yaro a Taung ta Afirka ta Kudu, mai ƙaramar ƙwaƙwalwa irin ta biri amma da alamar tafiya a tsaye. Cikin 1974 aka tono ƙasusuwan wata mace a Hadar ta ƙasar Habasha, aka yi mata laƙabi da Lusi, shekarunta wajen miliyan 3 da dubu 200. Cikin 2001, a hamadar Jurab ta arewacin Cadi, wani ɗan ƙasar mai suna Ahounta Djimdoumalbaye, cikin ayarin Michel Brunet na Faransa, ya tsinci ƙoƙon kan da aka sa wa suna Tumai, wanda a ke ƙiyasta shekarunsa wajen miliyan 7, ko da ya ke masana suna gardama a kan ko da ƙafa biyu ya yi tafiya. A Jabal Irhud ta Maroko kuma, binciken da aka buga cikin 2017 ya nuna masu fuska irin ta mutanen yau sun rayu shekara wajen dubu 300 da suka wuce.

Hujjar da ta fi ƙashi nauyi ta fito daga cikin jikin mai rai. A kowace ƙwayar jiki akwai waɗansu ƙulle-ƙulle masu ɗauke da gadon halitta, a na kiransu kiromozom. Mutum yana da 46, cimfanzi da sauran manyan birai suna da 48. In kakansu ɗaya ne, ina biyun suka tafi? Cikin 1991 aka nuna cewa kiromozom na biyu na mutum guda biyu ne suka manne, ga tabon mahaɗin a tsakiyarsa, kuma kowane ɓari ya yi daidai da wani guda a jikin cimfanzi. Cikin 2005 aka karanta gadon cimfanzi dukansa aka aza shi kusa da na mutum, aka tarar har kurakuran da ba su da wani amfani suna zaune a wuri ɗaya a jikin duka biyu, kamar kofe biyu na littafi da suka gaji kuskuren magatakarda ɗaya. Cikin 2010 aka gano cewa mutanen da asalinsu ke wajen Afirka suna ɗauke da ɗan kaso, wajen biyu cikin ɗari, na gadon wasu mutanen dā da a ke kira Niyandatal. Yawan bambancin da ke tsakanin mutanen yau kuma yana nuna kakanninsu dubbai ne a kowane zamani cikin dubban ɗaruruwan shekarun nan, ba a ga inda suka ragu suka koma biyu ba. Wanda ya ce wannan duka zato ne irin na 1888 bai yi wa Jisr adalci ba.

Sai dai yayin da hujja ke ƙaruwa, ƙin maganar ma ƙaruwa ya yi. Abul A'ala Maududi ya yi watsi da ita a tafsirinsa, yana ganinta guba ce ta Turawa. A Turkiyya aka ɗauki wata hanya ta dabam: cikin 1985 ma'aikatar ilmi ta sa aka fassara rubuce-rubucen wata ƙungiyar Kirista ta Amurka mai yaƙi da Darwin, aka raba wa malaman makaranta. Daga wannan rijiya Adnan Oktar, mai rubutu da sunan Harun Yahya, ya ɗebi ruwansa. Babban kundinsa mai hotuna, wanda aka aika wa makarantun Faransa kyauta cikin 2007, ya musa sākewar kowane jinsi, har na ƙwari, abin da Jisr da Isfahani ba su ga bukatar musunsa ba. A ciki har an sami hoton ƙwaron roba na masu fatsa, da ƙugiyarsa, an sa shi a matsayin ƙwaro mai rai. Cikin 2017 Turkiyya ta ba da sanarwar cire babin daga karatun sakandare. A Landan cikin 2011 wani limami, Usama Hasan, ya sha barazanar kisa saboda ya ce ra'ayin bai saɓa wa Alƙur'ani ba, har ya janye waɗansu maganganunsa. A Nijeriya ma, cikin hirar da Muhammadu Yusuf na Maiduguri ya yi da BBC cikin 2009, ya lissafa ra'ayin Darwin cikin dalilansa na ƙin karatun boko, tare da cewa duniya ƙwallo ce, alhali Ibn Hazm da Ibn Taimiyya sun tabbatar da kewayar duniya ɗaruruwan shekaru kafin a haife shi. Wani abu da ke ƙara wa maganar ɗaci a kunnen Musulmi shi ne, a Alƙur'ani komawa biri azaba ce da aka yi wa waɗanda suka keta alfarmar Asabar. Wanda ya taso da wannan ƙissa, in an haɗa masa mutum da biri, zagi ya ke ji kafin ya ji hujja, ko da ya ke hadisi a Sahihu Muslim ya bayyana cewa waɗanda aka shafe ba su bar zuriya ba.

Masu neman sulhu ta hanyar lugga su ma sun yi nasu ƙoƙari. Waɗansu sun kama kalmar aɗwar a Suratu Nuhu aya ta 14, domin saiwarta ɗaya da taɗawwur. Wannan hujja ba ta da ƙarfi, gama masu fassara na ƙarni na 20 ne suka ɗora wa taɗawwur wannan ma'ana, malaman tafsiri na dā kuwa sun fahimci aɗwar da matakan ɗan tayi a cikin mahaifa. Ƙoƙarin da ya fi shahara shi ne na Abdussabur Shahin, malamin ilmin harshe a Darul Ulum ta Jami'ar Alƙahira, a littafinsa Abi Adam na 1998. Ya ce Alƙur'ani yana bambanta bashar da insan: bashar halitta ce mai siffar mutum da ta daɗe a bayan ƙasa tana zub da jini, insan kuwa shi ne wanda aka ba hankali da harshe aka ɗora masa shari'a, Adamu ne farkonsa, an zaɓe shi daga cikin bashar. Da wannan ya ke fassara tambayar da mala'iku suka yi a Suratul Baƙara aya ta 30, gama ina suka san ɓarna da zub da jini in ba su taɓa gani ba? Aka kai shi kotu, shi da rahotonsa ya buɗe ƙofar fitinar da ta kori Nasr Abu Zaid daga Masar 'yan shekaru kafin nan. Ra'ayin yana da daɗin ji, amma Suratul Hijri ta tsaya masa a hanya. Aya ta 26 ta ce an halicci insan daga busasshen yumɓu, aya ta 28 ta ce bashar daga wannan yumɓun dai, da lafazi ɗaya. Kalmomi biyu da suka ɗauki siffa ɗaya a tsakanin aya uku, da wuya a ce jinsi biyu su ke nufi, waɗanda dubban shekaru suka raba.

Hanyar da ta fi tsayuwa da ƙafafunta ita ce wadda David Solomon Jalajel ya shimfiɗa a littafin da aka buga a Afirka ta Kudu cikin 2009, Shoaib Ahmed Malik kuma ya faɗaɗa ta cikin 2021 a kan usulin Gazali. Jalajel ya tambayi abin da nassi ya tilasta kawai. Ya ce ya tilasta abu biyu: an halicci Adamu da Hauwa'u ba uwa ba uba, gama Suratu Ali Imrana aya ta 59 ta kwatanta Annabi Isa da Adamu, kwatancin kuwa ba shi da ma'ana in Adamu yana da uba, kuma duk mutanen da ke raye zuriyarsu ne. Ko akwai masu siffar mutum a duniya kafin Adamu, ko 'ya'yansa sun yi aure da su, nassi bai ce i ba bai ce a'a ba, abin da ya wajaba a nan shi ne dakatawa. Halittar mutum guda ta hanyar mu'ujiza kuwa ba abin da ilmin ƙashi ko na gado zai iya tabbatarwa ko ya kore, kamar yadda likita ba shi da ta cewa a kan haihuwar Annabi Isa. Lissafin nasaba ma ya taimaka wa wannan ra'ayi. Kowane mutum yana da iyaye 2, kakanni 4, na gaba 8, adadin yana ninkuwa har ya wuce yawan mutanen duniya, saboda haka dole nasabobi su haɗu. Wani lissafi da aka buga cikin 2004 ya nuna mai yiwuwa ne a sami mutum guda da ya rayu 'yan dubban shekaru da suka wuce wanda kowa da ke raye yau jikansa ne, ba tare da ya zama shi kaɗai ne a zamaninsa ba.

A nan harshen Hausa yana da abin da ya kamata malamin makarantar horon malamai ya lura da shi, tun da ya ke babin yana cikin manhajar ilmin halittu ta sakandare, kuma da Hausa ɗalibi zai koma gida ya ba da labarinsa. Sunan da a kan ji, juyin halitta, yana kawo hoton juyin mulki, abin da ke aukuwa dare ɗaya. In an ce rikiɗa, sai a tuna mutumin tatsuniya da ya zama kura, jiki ɗaya ya sāke kama, alhali a ra'ayin Darwin babu dabbar da ta taɓa sāke jinsinta, jama'ar ce ke sākewa a tsawon zuriya. Mafi nauyi kuma, Bahaushe yana kiran jinsinsa ɗan Adam ko bil Adama, saboda haka in malami ya ce ɗan Adam ya fito daga wata halitta da ta gabace shi, jimlar ta ƙaryata kanta tun ba ta kai kunnen ɗalibi ba. Amma harshen yana da kalma ta biyu, mutum, wadda ba ta ɗauke da sunan kowa. Bambancin da Jalajel ya sha wahalar kafawa da Ingilishi, tsakanin jinsi da masu binciken ƙashi ke aunawa da zuriya da nassi ke magana a kanta, yana nan kwance a tsakanin waɗannan kalmomi biyu.

Wannan sulhu yana da tsadarsa, kuma kowane gefe yana jin ta. Masanin halittu zai ce an toge mutum guda daga ƙa'idar da ta game kowane mai rai ba don wata alama da aka gani a ƙashi ko a jini ba. Malamin hadisi kuma zai ce an buɗe ƙofar auratayya da waɗansu halittu da magabata ba su san da su ba, ga kuma ruwayoyin tafsiri masu cewa 'ya'yan Adamu junansu suka aura. Akwai kuma hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito cewa tsawon Adamu kamu sittin ne, mutane kuma suna ta raguwa tun daga lokacin, alhali duk ƙasusuwan da aka tono babu mai kusantar haka, na dā ɗin ma sun fi gajarta. Waɗansu malaman zamani suna cewa tsawon na Aljanna ne. Wannan wuyar ta girmi Darwin da shekara ɗari huɗu. Hafiz Ibn Hajar al-Asƙalani, wanda ya rasu cikin 1449, da ya zo kan hadisin a sharhinsa na Buhari, ya lura cewa gidajen Samudawa da aka sassaƙa a duwatsu suna nan, gidajen kuwa ba su nuna masu su sun yi irin tsawon da lissafin raguwar ke bukata ba, ko da ya ke zamaninsu ya fi kusa da na Adamu. Ya rubuta cewa har lokacin bai ga abin da ya warware masa wannan ba, ya wuce zuwa hadisi na gaba.